Allura, Zare da Jegon da Babu Jariri

Gaisuwar da ake yi wa macen da jaririnta bai zo da rai ba gajeriya ce, kuma duk wadda ta taɓa zama a kan wannan tabarma ta haddace ta: "Allah ya ba ki lafiya, Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye." Addu'o'i ne masu kyau, na amsa su da amin, kuma har gobe ina amsawa. Sai dai idan aka lura, dukansu gaba suke kallo, wato lafiyar uwa, ranar lahira, da ɗan da ba a samu ba tukuna. Shi wanda aka ɗauki cikinsa wata da watanni, ya yi motsi, aka saya masa kaya, ba a cika tsayawa a kansa ba. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa ba a yi masa salla, sai a naɗe shi a ƙyalle, maza su ɗauke shi a hannu su kai shi makwancinsa. Babu taron suna, babu rago, babu zaman makoki, kuma da yake mata ba sa raka gawa a wurinmu, uwar ba ta ma san a wane gefen maƙabarta aka sa shi ba. Kafin a sallamo ta daga asibiti, 'yan uwa sun riga sun kwashe akwatin kayan jariri sun ɓoye, saboda tausayi.

Haka aka yi mini. 'Yar fari ce, cikin ya shiga wata na takwas lokacin da hawan jini irin na masu juna biyu ya taso mini, kafin a yi wani abu motsi ya tsaya. Da yake ta fari ce, sai kunyar ɗan fari ta haɗu da rashin. A al'adarmu uwa ba ta nuna ɗokin ɗanta na fari ko da yana raye, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, to ina ga ta zauna tana kukansa alhali ko sunan ba a raɗa masa ba. Babu wanda ya hana ni kuka da baki, amma na san iyakar da aka gindaya mini, kuma na tsaya a cikinta.

Shi kuwa jiki bai san an yi rashi ba. Ruwan nono ya zo a kan lokacinsa, ƙirji ya cika ya yi nauyi yana zafi, kuma a gidanmu, inda aka mayar da ni, aka ci gaba da hidimar jego kamar yadda aka saba: ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa, nama mai yaji. Jego an tsara shi ne a kan jariri, domin tsakanin wanka da wanka mai jego shayarwa take yi, ko jijjiga, ko sauya ƙyalle. Idan babu jaririn, sai a bar ta da yini guda cur da hannuwa biyu waɗanda ba su da abin yi. Abin da ya fi damuna a waɗannan makonni, fiye da kukan, shi ne hannuwana. Nakan farka cikin dare in ga na naɗe gefen zane na rungume, ko in tarar ina ta murza bakin mayafi har zarensa ya fara warwarewa.

Ba ni kaɗai ba ce, ko da yake a lokacin haka nake ji. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a watan Oktoba na 2020 ya nuna cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa ba rai a kowace shekara, wato ɗaya a kowace daƙiƙa 16, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 suna rasuwa ne ana tsakiyar naƙuda. Najeriya tana cikin ƙasashe uku da suka fi yawan adadin, tare da Indiya da Pakistan. Wannan lissafi na cikin da ya kai mako 28 ne ko fiye, bai haɗa da ɓari ba, bai kuma haɗa da waɗanda suka zo da rai suka koma kafin suna ba. Ke nan da wuya a sami unguwar da babu mace mai irin wannan jego a cikinta, amma kowacce tana yin nata ita kaɗai a ƙuryar ɗaki.

Gwaggona ce ta lura da bakin mayafin. Sana'arta ɗinkin hula, irin wanda mata da yawa suke yi a cikin gida, ana kawo musu ƙyallen da mai zane ya riga ya fitar wa da fasali, su cike shi da zare. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma tambaye ni abin da nake ji ba. Ta ajiye mini ƙyalle da allura da zare ta ce, "Ungo nan, 'yar nan, taya ni cike wannan gefen, mai ita ya matsa mini." Na ce, "Gwaggo, ai kun san ban iya ba." Ta ce idan na ɓata za ta warware.

Duk wanda bai taɓa riƙe allurar hula ba ba zai gane yawan natsuwar da take bukata ba. Ƙananan huda ne jere, kowacce sai an zagaye ta da zare daidai da 'yar uwarta, kuma idan hankali ya tafi wani wuri ko na ɗan lokaci ne, ɗinkin zai nuna, domin zaren zai yi sako-sako ko ya tsuke ƙyallen. Hula guda mai kyau takan ci makonni. Abin da na samu a ciki da farko hutu ne kawai. Tunanin da yake zagaye ni dare da rana, wato me ya sa ban je awo da wuri ba, me ya sa na ɗauki kumburin ƙafa da ciwon kai abin wasa, sai ya ja baya na sa'a guda, saboda ƙwaƙwalwa ba ta iya lissafin huda da lissafin laifi a lokaci ɗaya. Idan na ajiye allurar yakan dawo, amma yakan tarar da ni na ɗan sami ƙarfi.

Daga baya na karanta cewa masana halayyar ɗan Adam sun san da wannan. A 1999 wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka bayyana cewa mai makoki ba ya tafiya a miƙe daga baƙin ciki zuwa sauƙi, yana kai da komowa ne tsakanin fuskantar rashin da kuma juya masa baya don ya yi harkar rayuwa, kuma dukan biyun ana bukatarsu. Wanda ya dawwama a cikin tunanin rashin yakan gaji ya durƙushe, wanda kuma ya ƙi kallonsa sam yakan ɗauke shi shekaru bai sauke ba. A ganina al'adarmu ta ƙware ƙwarai a ɓangare na biyu, domin ta san yadda za ta tashi mace ta mayar da ita cikin mutane, amma ba ta tanadar wa mai irin wannan rashi wurin yin na farkon ba.

Hular Gwaggo ta ba ni ɓangaren hutu. Ɓangaren fuskanta ya zo ne bayan na yi arba'in na koma ɗakina, na nemi akwatin da aka ɓoye. A ciki akwai farin yadi da na saya da niyyar yi wa jaririyar shimfiɗa, ban kai ga yanka shi ba. Rigunan da safuna da man shafawa na bayar da su sadaka, amma yadin na riƙe shi, na ɗauki fensir na fara zane a kansa ba tare da na san abin da nake so in fitar ba. Matan Hausa sun daɗe suna yi wa zanen gado ado da allura, da furanni da tsuntsaye da dagi, saboda haka babu wanda zai ga baƙon abu idan ya tarar da ni a kai. Wannan ya ba ni sutura, domin mai shigowa ɗinki yake gani, ni kuwa na san abin da nake yi.

Ban zana fuska ba. Dalili na farko shi ne ban ga fuskarta ba, an ɗauke ta ina cikin magagin allura. Na biyu kuma na san maganganun malamai a kan surar abu mai rai, kuma ba na son abin da na nufa da samun sauƙi ya zama mini abin kokwanto. Sai na bi hanyar da masu adonmu suka bi tun da, wato ganye da layi da ƙulli. A gefe na jera ganyen darbejiya da koren zare, saboda ƙamshinsa shi ne ƙamshin jegona. Daga ciki na yi zagaye takwas da shuɗi mai duhu irin na baba, ɗaya ga kowane wata da ta yi a cikina, na farkon ƙarami, kowane na gaba ya ɗara na bayansa. A tsakiya, inda aka saba sa dagi, na fara dagin na bar shi a buɗe, bakin zaren bai koma ya haɗu da mafarinsa ba. Gwaggo da ta zo ta gani ta ce wannan dagin bai cika ba, ko in kawo ta ƙarasa mini. Na ce a bar shi haka. Ta dube ni, ta dubi yadin, ba ta ƙara magana a kai ba.

A nan ne na fahimci bambancin aikin hannu na ɗebe kewa da aikin da mutum yake zuba abin da yake cikinsa. A hula, wani ne ya yi zanen, ni cikewa kawai nake yi. A yadin kuwa, kowane zaɓi nawa ne, kuma kowane zaɓi sai ya sa na tuna wani abu: watan da na fara jin motsi, watan da laulayi ya sake ni, watan da muka yi gardamar suna da maigidana. Zagaye na takwas ya fi kowane wahala, na fara na warware, na ajiye shi na wani lokaci kafin na iya komawa. Rashin da a da yake cika ɗaki ba shi da baki ba shi da iyaka, sai ga shi ya sami faɗi da tsawo, ina iya buɗe shi bayan la'asar in yi kukana, in ninke shi kafin magariba in tashi in ɗora tukunya.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Wata daga cikin dangin maigidana, mace mai ilimi da nake girmamawa, da ta gane ma'anar zagayen sai ta ja ni gefe ta ce tana tsoron kada wannan ya zama rashin tawakkali, domin abin da Allah ya karɓa ba a riƙe shi. Na ɗauki maganarta da muhimmanci, don akwai gaskiya a cikin tsoron nata, mutum yana iya mayar da abin tunawa ya zama abin da yake hana shi rayuwa. Amma ban yarda cewa haƙuri yana nufin shafe alama ba. Lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake barin duniya yana jariri, idanun Annabi sun zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar da take nuna fushi da hukuncin Allah. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda babu mai shakkar iliminta ko tawakkalinta, ta yi waƙoƙin marsiyya da dama, har da wadda ta yi wa ɗan uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, da wadda ta yi wa aminiyarta A'isha, inda ba ta ɓoye zafin rabuwar ba. Idan ya halatta a tsara baƙin ciki a cikin baiti da ƙafiya, ban ga abin da zai hana a tsara shi da zare ba.

Da na fara bincike sai na ga wasu al'ummomi sun bi wannan hanya ta fuskoki daban. Mai zanen nan ta ƙasar Meksiko, Frida Kahlo, ta yi ɓari a watan Yuli na 1932 a birnin Detroit na Amurka, inda mijinta Diego Rivera yake aikin zanen bango, kuma a cikin shekarar ta zana kanta a kan ƙaramin farantin ƙarfe, kwance a gadon asibiti cikin jini, tana riƙe da jajayen igiyoyi shida, kowacce ɗaure da wani abu: ɗan tayin, ƙashin ƙugu, dodon koɗi, fure, wata na'urar asibiti da siffar cikin mace irin ta ɗaliban likitanci. Zane ne mai wuyar kallo, kuma ba irin wanda zan yi ba ne, amma na girmama shi domin ta ƙi yarda a ce babu abin da ya faru. A Japan kuma, a wuraren ibada irin su Zojoji da ke Tokyo, akwai jerin ƙananan gumakan dutse da ake kira Jizo, waɗanda iyayen da suka yi ɓari ko suka rasa jariri suke saƙa musu jajayen huluna suna sa musu. Aƙidar ba tamu ba ce ko kusa, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa a can ma hannun uwa saƙa ya nema. A asibitocin Turai an daɗe da mayar da wannan fanni na jinya, tun bayan da wani mai zane ɗan Birtaniya, Adrian Hill, ya lura cewa zane yana taimaka masa da sauran masu jinyar tarin fuka, ya kuma ba abin suna a 1942. Mu ba mu da irin waɗannan ƙwararru a kusa, amma muna da allura da kwarashi da kabar faifai da lalle a kusan kowane gida.

Maigidana ya bi tasa hanyar, kuma sai da aka daɗe kafin na sani. Shi ne ya ɗauke ta a hannunsa zuwa maƙabarta, shi kaɗai ne a cikinmu ya ga fuskarta, amma gaisuwar da aka yi masa ba ta wuce ta ƙofar masallaci ba, washegari ya koma kasuwa. Namiji a wurinmu ko ɗan wurin kukan da aka bar wa mace ba shi da shi. Ya yi makarantar allo yana yaro, hannunsa yana da kyau, sai ya sayo sabon allo, ya haɗa tawada, ya feƙe alƙalami, ya riƙa zama bayan sallar isha'i yana rubuta ayoyi na 155 zuwa 157 na Suratul Baƙara, waɗanda suke bushara ga masu haƙuri, sannan ya kewaye su da zayyana irin wadda ake yi wa allon mai sauka, da ja da rawaya da kore. Bai taɓa ce mini don ita yake yi ba, ni ma ban tambaya ba. Amma ranar da ya ga yadina a shimfiɗe ya ƙirga zagayen da yatsa, sai ya zauna ya ba ni labarin kamanninta, cewa tana da gashi sosai kuma hancinta irin na mahaifina ne. Wannan ne karo na farko da muka yi maganarta a matsayin mutum.

Ba na so a ɗauka cewa ɗinki magani ne. Akwai baƙin cikin da yake rikiɗewa ya zama ciwo, kuma macen da ta rasa jariri ta fi sauran masu jego shiga haɗarin ciwon damuwa. Idan makonni suna wucewa mace ba ta barci, ba ta cin abinci, ba ta iya kula da kanta, ko ta fara jin cewa gara ta bi jaririn, wannan ya wuce aikin allura, likita ake nema, kuma neman ba hauka ba ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Haka nan ba kowace mace ce za ta so yin abin tunawa ba. Na san wadda ta ce ita ganin kowane abu na jaririn yana mayar da ita baya ne, ta fi samun sauƙi da komawa aiki, kuma ba ni da hujjar cewa tawa hanyar ta fi tata. Abin da nake roƙon 'yan uwa kawai shi ne su daina yanke wa mai jego hukunci a kan kayan jaririnta. A adana su, a tambaye ta idan ta natsu.

Mahaifiyata ce ta ƙarshe da ta ga yadin, domin ita na fi jin nauyi. Ta zo duba ni, ta tarar da shi a kan gado, ta tambayi abin da zagayen suke nufi, na gaya mata ina sunkuyar da kai. Ta daɗe tana shafa zaren, sannan ta ce, "Da ni ce, da biyu zan yi." Ashe kafin a haife ni ta rasa biyu a jere, dukansu a watannin ƙarshe, har aka fara kiranta mai wabi a gidan mijinta, aka yi ta kai ta wurin masu magani. Na girma a ɗakinta, na yi aure daga hannunta, ban taɓa jin wannan ba. Na ce, "Inna, me ya sa ba ku taɓa faɗa mini ba?" Ta ce ba a faɗa, kuma babu wanda ya taɓa tambaya. Da na matsa da tambaya sai ta tuna cewa a dukan cikin biyu ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, kanta ya yi ta sara, a na biyun har ta yi jijjiga aka ce iska ce.

Waɗannan alamomin ciwon da ya same ni ne, kuma likitoci sun san cewa macen da mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta yi shi ta fi shiga haɗarinsa. Da yawa daga abin da ake kira wabi yana da sababin da asibiti yake iya ganowa, kamar hawan jinin ciki, ciwon suga, zazzaɓin cizon sauro, sikila, ko rashin jituwar jinin uwa da na ɗa, wanda allurar da ake yi cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa take kare cikin gaba daga gare shi. Na kai wa likitata labarin Inna, ta rubuta shi a katina, ta ce idan Allah ya kawo wani cikin in zo awo tun watan farko ba sai ya tsufa ba, za a riƙa auna jinina da fitsarina a kai a kai, kuma akwai ƙaramin ƙwayar asfirin da ake fara ba masu irin tarihina daga wajen mako na 12. Na kuma kira ƙannena mata biyu na gaya musu, domin ɗayarsu tana da ciki a lokacin.